Ganyen Sabara a Wuyan Jarka

Duk wanda ya san Tudun Kalgo, ƙauyen nan da ke zaune kan dutse tsakanin Illela da Badaguishiri, ya san Uwani Mai Makulli. In bai san fuskarta ba, to ya san muryarta, don in ta tsaya bakin famfo ta ce "Layi!" har jakunan bayan gari sai sun ɗaga kunne. Gajeriya ce baƙa, mai wushirya da ɗan ɗingishi, shekarunta sun ja. Makullin famfon kuwa a wuyanta yake rataye da igiyar fata. Da shi take salla, da shi take zuwa biki, in za ta yi wanka ma sai ta rataye shi inda idonta zai riƙa ganinsa.

Kada ka ji an ce Mai Makulli ka zaci don gaskiyarta aka ba ta. Ina! Lokacin da mutanen porje, masu aikin raya karkara, suka haƙa rijiyar burtsatse, suka kafa shato, wato babban tankin ruwa, a kan ƙarafa da allunan hasken rana, Uwani ce uwar 'yan zamba a layin ruwa. Ita ta fara ajiye fasasshiyar jarka ta kwana tana riƙe mata wuri. Da aka hana wannan, sai ta koma zuwa da jarka biyu, ta ce ɗaya ta makauniyar maƙwabciyarta ce, alhali makauniyar ta daɗe da komawa wajen ɗanta a Konni. Akwai ranar da ta yanke jiki ta faɗi a tsakiyar layi. Mata suka ruɗe, aka yayyafa mata ruwa, aka cika mata jarka, aka raka ta har gida ana sannu. Masu rakiya ba su kai bakin zaure ba suka jiyo ta tana daka da waƙa. Shi ya sa da komitin ruwa ya zauna neman wadda za ta riƙe makulli, matan gari suka haɗa baki suka ce a ba Uwani, ko a samu ta fita daga layi mutane su huta.

Sai ga shi abin ya yi kyau. Babu dabarar da za ki zo da ita Uwani ba ta riga ki ba. Sai ta kalle ki sama da ƙasa ta ce, "Ke yarinya, wagga dabara a hannuna ta girma. Koma baya."

Wuri a layi kuwa ba abin wasa ba ne a Tudun Kalgo. Da damina da kaka shato yana isar kowa. Amma in bazara ta kama, rijiyoyin kwari suka ja baya, sai kowa ya dawo kan famfon nan guda. Hasken rana ne ke turo ruwa zuwa sama, shato ya cika da hantsi, kafin la'asar ya ƙafe ƙaf. Na gaba ya tafi gida da ruwa, na baya ya tafi da jarka tana ƙara a kan jaki. Uwani ta tsara abin yadda take gani daidai: kowane gida jarka kaza gwargwadon bakunansa, ba a wanki a bakin famfo, ba a shayar da dabba. Sai doka ɗaya da ta kawo da kanta, ita ce ta fi so a cikin dokokin duka. Gidan da aka haihu, a ɗaura ganyen sabara a wuyan jarka, irin ganyen da ake tsomawa a tafasasshen ruwa a yi wa mai jego wanka. Mai ganye ba ya bin layi, kuma ana ƙara masa ruwa har mai jego ta gama wankan arba'in.

Dokar nan tana da tushe. Shekarun baya, tana da ƙuruciya, Uwani ta haifi ɗanta na fari a tsakiyar bazara. Mijinta Alhasan, Allah ya jiƙansa, yana can Abijan wajen bida, neman na kansa. Uwarta ta rasu, surukarta ta tsufa ba ta iya ɗaukar ko tulu. Lokacin babu famfo, sai rijiya mai gaba da yawa a can cikin kwari. Ta yi wanka 'yan kwanaki, ruwa ya gagara. Da ɗanyen jikinta ta ɗauki tulu ta gangara, ta tsaya a bayan layi jiri yana ɗibarta, aka rasa wadda za ta ce mata matso gaba. Har yau in gwiwarta ta kumbura ba ta yarda tsufa ne ba, jegon nan ne da bai cika ba. Ma'aikaciyar likita ta taɓa ce mata ba shi ba ne, Uwani ta ce, "Ke kin hi ni karatu, ni na hi ki gwiwa." Amma in ana maganar gaskiya, ba gwiwar ce ke mata ciwo ba. Tsayuwar nan ce a bayan layi, ita ce ba ta taɓa barin zuciyarta ba.

Da fari ganye ya yi aiki lafiya lau. Sai aka shiga wata bazara mai zafin gaske, irin wadda ko kaji ke buɗe baki a inuwa. Nan fa haihuwa ta yawaita a Tudun Kalgo. Gidan da aka yi suna tun sallar layya, ganye. Gidan da sai tsoho da tsohuwa, ganye. Gwauro ma da ba a san shi da mata ba, sai ga shi da ganye ɗanye shar. In ka hango layin daga nesa sai ka ce dajin sabara ne ya taso neman ruwa. In da gaskiya ne, da Tudun Kalgo ta fi birnin Tawa yawan jama'a. Masu ganye suka yi nasu layin, har suna faɗa a kan wanda ya riga wani haihuwa, marasa ganye kuwa suna komawa gida hannu wofi.

Malam Abdussalam, perzidan komitin ruwa, mutum ne mai haƙuri, amma ƙorafi ya hana shi cin tuwo da zafinsa. Ya kira Uwani shagonsa na hatsi ya ce, "Uwani, na san ganyen ga ɗanki ne. Amma ya lalace. Ranar da kasuwar Illela ta watse, washegari komiti na zama bakin ruwa. In na iske ganye guda wanda ba a san mai shi ba, an soke ganye. Mai jego ta bi layi awa kowa."

Uwani ta fito tana huci. A soke ganye? Tana raye, da makulli a wuyanta? Washegari ta hau kan dakalin famfo ta yi shela: daga yau duk wanda ya ɗaura ganye, sai ya tsaya gaban jama'a ya faɗi da bakinsa wadda ta haihu. Bai faɗa ba, ya koma baya.

Wasu suka ji nauyi suka kwance. Amma akwai waɗanda Allah bai yi su da nauyin baki ba, shugabansu kuwa Chindo mai buga bulo, taubashin Uwani, abokin tsokanarta tun suna yara. Ya zo da amalanke ɗauke da tano, wato gangar ruwa, babba. Shi ba ganye ya ɗaura ba, reshe guda ya karyo ya rataya wa jakinsa, jakin yana tafiya yana ci.

"Chindo," in ji Uwani, "wa ta haihu gidanka?"

Ko ƙifta ido bai yi ba. "Takama."

Layi ya kwashe da dariya. Takama ita ce matar Chindo, ita kaɗai gare shi, kuma jikokinta ma sun fara aure. Uwani kuwa ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga hannu sama ta ce, "Allahu akbar! Ikon Allah ya wuce gaban mamaki. A cika mashi, a cika mashi har baki." Chindo ya kora jakinsa yana fito, yana ji a ransa ya yi wa Mai Makulli wayo.

Ana idar da azahar sai ga Uwani ta ɓullo daga lungu, matan unguwa na biye da ita. Wannan ta ɗauko babbar tukunya, waccan ta rungumo damin sabara, masu guɗa suna yi. Suka doshi gidan Chindo. Yana ƙofar gida ya tara jar ƙasa, ya naɗe wando zai fara kwaɓi. Kafin ya ce me ke nan, an mirgine tanonsa an yi cikin gida da shi.

Takama ta fito daga ɗaki da tsintsiya a hannu. "Lahiya?"

"Lahiya lau, sai alheri," in ji Uwani. "Barka da arziki! Mijinki ya hwaɗi gaban jama'a an sauke ki. Munka ce ba mu barin ki da ɗanyen jiki."

Takama ta juya ta kalli Chindo, wanda ya biyo su yana rarraba ido. Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta ajiye tsintsiya a hankali, ta koma ɗaki, ta ɗaure kai da ɗankwali, ta hau gado ta ja zane. Can sai aka ji murya daga ciki: "Wayyo bayana! Wayyo ƙuguna! Wanga ɗa ya wahalshe ni."

Shi ke nan, biki ya tashi. Aka hura wuta da iccen da Chindo ya daɗe yana tarawa, aka tafasa ruwan bulonsa. Takama ta sha wanka irin wanda ba ta samu ba ko a haihuwar gaske, tana yi tana ba da umarni. A dama mata kunun kanwa. A sayo tsire mai yaji. Ƙaurin da mutumin nan ya yi mata alkawari tun haihuwar autanta, yau take son sa, da sabon zane na fitar suna. Maza kuwa suka yi ta wucewa ta ƙofar gida, kowa da gaisuwarsa: "Angon ƙarni! Sannu da ƙoƙari!" Wani tsoho har ya tsaya ya tambaye shi wane magani yake sha.

Chindo ya ja Uwani gefe, murya ƙasa-ƙasa. "Don Allah, don Annabi, ki kwashe min matan ga."

"Mu da munka zo barka? Kawo jaririn mu gani mu tahi."

"Wane jariri kuma?"

"Kai ka hi mu sani."

Sai da ya je wajen mahauci da ƙafarsa aka rabu da shi. Sunan Angon Ƙarni kuwa ya bi shi har kasuwar Badaguishiri.

Washegari da safe sai ga mutane a bayan masallaci suna kwance ganye suna jefa wa awaki. Gwauron nan har ya wanke wuyan jarkarsa don kada a ga alama. Layi ya koma layi. Ganye ya rage a gidajen da kowa ya ci goron sunansu, masu shi suka faɗi suna, aka cika masu. Uwani na ta washe wushirya, sai idonta ya sauka kan wata jarka a bayan jaki, da ɗan ganye ƙwaya biyu an ɗaura da zaren kaba.

Ta Gidaɗo ce, wani saurayin Bafillace dogo, marar magana, da ke zaune da tsohon ubansa Jaje a wata ruga bayan dutse. Shanunsu a kwari suke sha, ruwan laka, amma na shan mutane nan famfo yake zuwa ɗiba. An ce ya yi aure bara, ya ɗauko yarinya daga wajen Alela, amma ba wanda ya san ta sosai a gari.

"Gidaɗo, wa ta haihu?"

Ya sunkuyar da kai, ya kama tonon ƙasa da sandarsa. "Inna..."

"A'a, ba ni ba ce. Wa ta haihu?"

Ya ci gaba da tonon ƙasa.

"Ko nagge ce ta sauka? In ita ce ka hwaɗi sunanta, mu je mu gasa ta."

Mata suka tuntsire da dariya. Gidaɗo ya ja malfarsa ta rufe ido, ya ce da wata 'yar murya, "Ba kowa."

"Ba kowa? To, ba kowa shina bin layi. Koma baya."

Ya koma. Kafin a zo kansa famfo ya yi tari ya ɗauke. Ya kora jakinsa ya tafi. Washegari, ranar kasuwar Illela, sai ga shi kuma, da sabon ganye. Tambaya ɗaya, shiru ɗaya, baya ɗaya, ruwa ya sake ƙarewa kafin a zo kansa. Ran Uwani ya ɓaci. Gobe komiti zai zauna, gari duka ya gyaru, sai ɗan yaron nan da taurin kai zai jawo a soke mata ganye? Ta aika a kira matan barka.

Matan kuwa sun ɗanɗana, ba sai an roƙe su ba. Aka ɗauko tukunya, aka karyo sabara, aka hau dutse ana ta shirya irin tsiyar da za a yi masa. Suna hango bukkoki suka rangaɗa guɗa. Tsoho Jaje yana zaune gindin wata aduwa yana tufka igiya. Uwani ta gyara murya ta ce, "Baffa Jaje, barka da arziki!"

Tsohon ya ajiye igiyar, ya dafa sanda ya miƙe. Idanunsa suka kawo ruwa. "Barka kadai," in ji shi. "Ashe kun ji. Allah shi saka maku, Allah shi saka maku. Na ce wa kaina mutanen garin ga ba su barin mu haka."

Guɗa ta mutu a bakin masu ita. A cikin shirun nan sai kukan jariri ya fito daga bukkar ƙarshe, siriri, irin na wanda bai daɗe da zuwa duniya ba.

Uwani ta sunkuya ta shiga. Yarinya ce ƙarama kwance a kan tabarma, leɓunanta sun bushe sun tsattsage, jariri namiji a gefenta, cibiyarsa ba ta ma faɗi ba. Kusa da murhu ga wata 'yar tukunya da ruwan kwari ja, laka ta kwanta a ƙasansa, da ganyen sabara da ya yi yaushi a ciki. Da wannan take wanka, ita da kanta. Sunanta Jamila. Uwarta ta rasu, danginta sun yi kudu da shanu tun kaka, shi ya sa ba ta tafi gida haihuwa ba kamar yadda aka saba. A rugar nan babu mace sai ita.

"Ɗan fari ne?" in ji Uwani.

Jamila ta rufe fuska da gefen zane.

Sai a lokacin abin ya faɗo wa Uwani, ya kuwa faɗo da nauyi. Ɗan fari! Wane Bafillace ne zai tsaya gaban taron mata ya ce matarsa ta haifa masa ɗan fari, har ya kama sunanta? Ko a cikin gida ba ya yi. Ko Hausawan ma ba su yi, ita kanta har yau ba ta kiran sunan nata, sai ta ce "wancan na Konni". Ta san wannan sarai, kowa ya sani. Ta shagala da farautar masu ƙarya har ta manta akwai wanda gaskiya ce ba ya iya faɗa. Ganyen da ta ƙirƙiro don irin yarinyar nan, ita da bakinta ta kora shi baya, tana yi ana dariya. Kunya ta kama ta, ta zauna dirshan a ƙasa ta share ido da bakin zane.

Ba ta daɗe a zaunen ba. Ta fito ta ce da matan, "Mi kuke kallo? Ba barka kunka zo ba? Kowa ta koma gida ta ɗebo ƙwarya guda cikin randarta. Wadda ta ce babu, na san abin da na zuba mata yau." Kafin rana ta faɗi tukunya ta cika, ta tafasa. Uwani ta ɗaura zane a ƙirji, ta yi wa Jamila wanka da hannunta, ta dama mata kunu. Gidaɗo bai ko matso kusa ba, yana can cikin shanu ya ba su baya.

Da safe komiti ya zauna a kan benci bakin famfo, gari ya taru. Labarin ruga ya riga ya zaga, ba wanda bai san haihuwar gaskiya ce ba. Malam Abdussalam ya bi layi da ido, ya ga ganye ya koma 'yan ƙwarori, har ya fara gyaɗa kai. Sai Chindo ya miƙe.

"Malam, ina da magana. Ni an sa ni na hwaɗi da bakina, kuma kun ga abin da ya same ni." Aka yi dariya, bai kula ba. "Ga jarkar Gidaɗo can da ganye. Shi ma shi hwaɗi. In anka ɗaga mashi don kunya, gobe kowa na zuwa da ganye shi ce kunya yake ji. Ni ma nan da kuke gani na, ina da kunya."

"A ina kake ajiye ta?" wata ta tambaya daga cikin layi.

Amma Malam Abdussalam bai yi dariya ba. Ya shafa gemu ya ce, "Haushi ne ya sa shi magana, amma maganar na bisa hanya. Dokar da ba ta hau kan kowa ba, ba ta daɗewa. Gidaɗo, matso. Ka hwaɗi kalma guda mu tashi. Wa ta haihu gidanka? In ba ka hwaɗi ba, ba ni da yadda zan yi, ganye ya tashi daga yau."

Gidaɗo ya matso. Ga jama'a, ga kuma ubansa da ya biyo shi yana tsaye da sanda. Zufa ta keto masa. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa, sunan ya ƙi fita. Uwani na kallonsa, ta ga yaron nan zai iya shiga rijiya saboda matarsa amma ba zai iya wannan ba. Can sai ya sunkuya ya kai hannu zai kwance ganyen.

"Tsaya!"

Uwani ta sauko daga dakali tana ɗingishi. Ta ture hannunsa, ta kwance ganyen da kanta, ta jawo tata jarkar ta ɗaura mata shi, ta ƙulle tamau. Ta miƙe ta riƙe ƙugu.

"Doka ta ce wanda ya ɗaura shi ke hwaɗi. Ni na ɗaura. Malam, tambaye ni."

Malam Abdussalam ya ce, "To, Uwani, wa ta haihu?"

"Ɗiyata Jamila. Tana ruga bayan dutse. Namiji ne."

Chindo ya daka tsalle. "Kai jama'a! Yaushe kinka haihi Bafillata?"

"Ranar da Takama ta haiha maka naka."

Wuri ya kaure da dariya. Har perzidan sai da ya rufe baki da hannun riga. Da aka lafa ya ce, "Na karɓa. Mace na iya ɗaura ma wata, in dai ita za ta kai ruwan da kanta, ta yi wankan da hannunta. Ganye na nan." Ya juyo wajenta. "Sai dai abu guda, Uwani. Mai makulli ba ta ɗaura ganye. Ke ke tambayar kowa. In ke ce mai ganye, wa ke tambayar ki?"

Nan dariya ta ɗauke. Uwani ta kai hannu wuyanta. Shekara da shekaru makullin nan yana nan, har igiyar ta yi mata zane a fata. Da shi aka san ta, saboda shi ake gaishe ta tun daga nesa, saboda shi yara suka daina ce mata matar marigayi Alhasan suka koma Inna Mai Makulli. Tana son abin nan, ba ta taɓa ɓoyewa ba. Ta tsaya kamar za ta yi ciniki, don ba ta saba barin abu ba tare da ta gwada wata dabara ba. Ta duba ko'ina a kanta, babu. Ta zare igiyar ta kan ɗankwali.

"A ba Takama," in ji ta. "Ta san zahin jego, jiya-jiya ta tashi."

Haka Uwani ta koma layi. Kullum da hantsi tana gaba da jarkar ganye, Takama kuwa ba ta taɓa ɗaga mata ba. Sai ta hau dakali, ta karkaɗa makulli, ta ce da ƙarfi yadda na bayan layi zai ji, "Baiwar Allah, wa ta haihu?" Uwani ta amsa, ta ƙara da zagin da ba a rubutawa. In ta kinkimi jarka ta fita bayan gari, sai ta iske Gidaɗo da jakinsa, wai hanya ce ta haɗa su. Ya karɓa ya ɗora, su hau dutse, ita tana ta zuba, shi yana "to, Inna".

Abu ɗaya ta lura da shi a rugar. Har aka yi suna, har yaro ya fara cika, ba ta taɓa ganin Gidaɗo ya ɗauke shi ba. Ko leƙa bukkar ba ya yi in da mutane. Sai dai kullum lokacin wanka akwai wata igiya da ke buƙatar gyara daidai bayan bukkar nan, in jariri ya yi kuka sai hannunsa ya tsaya.

Wata safiya Jaje ya bi shanu kwari. Ruwa ya tafasa, Jamila ta shiga bayan zana tana jira. Uwani ta fito da jariri a hannu, ta dubi hagu ta dubi dama kamar mai neman wurin ajiye kaya.

"Kai Gidaɗo! Zo riƙe min mijina in sauke tukunya."

Ya ja da baya. "Inna..."

"Na ce naka ne? Mijina ne, jikana, ni ka aure nai in ya girma. Riƙe min, kada ka yar min da ango."

Ta ɗora masa shi a hannu, ta juya ta shige bayan zana. Jamila ta ɗaga kai za ta leƙa, Uwani ta danne mata kafaɗa ta ce ta zauna. Amma ita ta sa ido a wata 'yar kafa. Gidaɗo yana tsaye ƙiƙam, ya miƙe hannuwa, ko numfashin kirki ba ya yi. A hankali ya jawo yaron jikinsa. Ya waiga, bai ga kowa ba. Ya zauna a kan turmi, ya cire malfa ya yi wa ɗan inuwa da ita, ya sunkuya yana faɗa masa wata magana da Fillanci, kafaɗunsa suna rawa.

"Inna," Jamila ta yi raɗa, "ruwan na hucewa."

"Bar shi shi huce."

Ranar sai da Uwani ta sake hura wa tukunyar wuta.